Lubin Karya-Wuya Ya Koma Ɗan Koyo

Ni maɗori ne, kuma a duk garinmu na bakin kogin Loire babu mutumin da na sani kamar Lubin Gaudry, don shi har ƙasusuwansa na sani. Kafaɗarsa ta hagu ni na ɗora ta, ta dama ma ni ne, haƙarƙari kuwa tuni na daina lissafi. In aka ji ana dukan ƙofata da hantsi kamar za a ɓalle ta, matata ba ta ko leƙawa. Sai dai ta ce, "Gervais, an kawo maka mutumin naka," ta ɗora ruwa a wuta.

Lubin shi ne karya-wuya na makarantar hawan doki da ke bayan kasuwar hatsi. Haka ake kiran aikin, ba zagi ba ne. In an kawo ɗanyen doki daga Sifaniya ko Naples, wanda bai taɓa jin nauyin mutum a gadon bayansa ba, malami ba zai fara hawansa ba, balle 'ya'yan manyan da iyayensu suka turo su koyi hawa da wasan takobi da rawa. Su wuyansu yana da tsada. Sai a ɗaura wa dokin akumarin ciyawa, babu sirdi babu likkafa, a ce, "Lubin, ga naka." Shi zai yi ta fama, a kayar da shi ya tashi ya karkaɗe wando ya koma, har doki ya daina tutsu, ya yarda ya tafi in an ce tafi, ya tsaya in an ce tsaya. Ranar da ya kai haka, ranar za a karɓe shi, a ɗora masa sirdi mai karammiski, malami ya fara koya masa ainihin sana'ar. Shi kuma Lubin a jawo masa wani ɗanyen. Haka ya yi wajen shekara talatin. Duk dokin da ke gidan ta ƙarƙashinsa ya bi, amma bai taɓa zama a kan wanda aka gama horarwa ba, don wannan ba hurumin karya-wuya ba ne.

Ɗan wani mai kwalekwale ne, ya shigo gidan tun zamanin tsohon maigida, mai horo irin na da. Mu da muka ga wannan zamanin ba ma kewarsa. Doki ya ƙi tafiya, a ɗaure masa bushiya a ƙarƙashin wutsiya. Ya ƙi juyawa, a sauke masa kulki tsakanin kunnuwa, ƙarti uku suna ihu a kansa. Wai haka ake yi a Italiya, kuma a lokacin duk abin da aka ce daga Italiya ya zo ba a musu da shi. Da tsohon ya rasu, sai Maigida de Valbrun ya karɓi makarantar. Shi ya je Naples ɗin da ƙafarsa, ya daɗe yana koyo, ya kwaso abin da ya ga yana da amfani, ya bar musu bushiyarsu. Siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji shi. Abin da ya fara yi shi ne ya sa aka kafa turaku biyu a tsakiyar zauren horo, inda za a riƙa tsayar da doki da igiya mai laushi ana koya masa a hankali. Kulake kuwa ya ce a kai wa masu girki su hura wuta.

Da farko Lubin bai yarda ba. Ya zo mini da targaɗe a yatsa yana ta mita.

"Wai doki ma yana da tunani, a bi shi da lallashi. Gobe sai ka ji an ce mu riƙa cire masa hula muna gaishe shi."

Na ce, "To kai me ya dame ka? Ai masu tunani ake magana, ba a zo kanka ba."

"Ja yatsan nan ka yi mini shiru, mahauci."

Amma kafin shekara ta zagayo, babu wanda ya kai shi riƙo da sabuwar hanyar, don ya ga dokin da ya fito daga turakun nan yana zuwa hannunsa da hankalinsa a jikinsa. Sai dai ko da lallashi dole wani ya fara hawa, kuma ɗanye ɗanye ne. Ya ci gaba da zuwa wurina, sai dai ba kamar da ba.

Abin da ya sa nake ganin girmansa ba ƙarfinsa ba ne, ko da yake cinyoyinsa za su iya fasa ganga. Na ɗora mutane da yawa. Wanda ya faɗo daga tsani zai zagi tsanin, ya zagi wanda ya sassaƙa shi, ya haɗa da ni. Lubin kuwa ban taɓa jin ya zagi dokin da ya karya shi ba. Ina jan ƙafarsa, zufa tana keto masa, shi yana ba dokin hanzari. "Ba laifinsa ba ne, tsoro ya ji. Kai ma in wani ƙato ya haye bayanka babu sallama, ai sai inda ƙarfinka ya ƙare." Zagin duka ni yake ajiye wa, ni kuma ina karɓa hannu biyu.

Shi da matarsa Jacquine suna zaune a ɗakin da ke saman barga, inda ɗumin dawaki ke tasowa ta tsakanin katako lokacin sanyi. Ɗakin na mai aikin ne, ba na Lubin ba. A nan suka haifi 'yarsu, a nan suka aurar da ita.

Wata bazara wani baƙin doki, akawal ɗan Naples, ya miƙe da shi tsaye, ƙafar baya ta zame, ya faɗo da baya a kansa. A kan ƙyaure aka kawo mini shi, kuma wannan karon bai zage ni ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ƙugu ne ya karye. Na yi iyakar abin da ubana ya koya mini, ya yi watanni a kwance, ya tashi da ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya gajarta. Na ce masa, "Ka ji ni da kyau. Ɗorin nan ba zai ɗauki wata faɗuwar ba. Aka sake kayar da kai, da rarrafe za ka ƙarasa rayuwarka." Ya ce ya ji. Na san irin jin da ya yi, don haka na wuce kai tsaye na faɗa wa Maigida. Da labari ya dawo wa Lubin ya aiko mini cewa wa ya aike ni. Na aika masa cewa ƙugunsa ne.

Maigida ya same shi a bakin barga yana dogara sanda, ni ma ina wurin.

"Lubin, kai da ɗanyun dawaki kun gama."

"Ranka ya daɗe, kada ka biye wa mahaucin nan. Matsoraci ne, ko jaki bai taɓa hawa ba."

"Idona ma ya faɗa mini. Saurara. Ƙaramin malaminmu ya bi rundunar sarki, gurbinsa babu kowa. Amma ba zan tsayar da mutum gaban yara yana cewa su yi abin da shi bai iya ba. Ranar bikin Waliyyi Éloi, in an taso daga coci, za ka hau dokinmu Alƙali gaban iyayen yara ka nuna darasin hawa daga farko har ƙarshe. In ka yi, aikin naka ne, ku koma ɗakin malami na bakin ƙofa. In ba ka yi ba, ba ni da inda zan sa ka, ɗakin sama kuma na sabon karya-wuya ne."

Ba mugunta ba ce, gidan ne ba shi da halin ciyar da wanda ba ya aiki. Kowa ya san abin da ya rage wa Lubin in ya faɗi: ƙauyen wan Jacquine, inda babu abin hawa sai keken shanu, ya zauna yana tsaron agwagi.

Alƙali wani kili ne ɗan Sifaniya, shi ne gwanin gidan. An sa masa sunan ne don yadda yake kallon mutum, kamar ya riga ya yanke maka hukunci yana jiran ka gama surutu. Mu duka mun ɗauka magana ta ƙare. Mutumin da ya yi shekara talatin yana lanƙwasa ɗanyun dawaki, ina ga dokin da yara ke hawa? Maƙerin gidan har ya fara tambayar wa zai sayi giyar murna.

Ranar farko na je kallo. Lubin ya hau sirdi, ya zauna, ya yi abin da jikinsa ya saba: ya matse cinyoyi, ya kafa diddige, ya tattaro linzami. Alƙali ya fara tafiya a karkace. Lubin ya ƙara matsewa don ya daidaita shi, doki ya ɗaga gaba ya tsaya a kan ƙafafun baya. Ya danna da ɗaya ƙafar, doki ya juya kamar mazari. Daga nan ya daka tsalle da ƙafa huɗu ya yi harbi a sama, irin tsallen da Maigida ya daɗe yana koya masa, wanda ba a nema sai ranar manyan baƙi. Lubin bai faɗi ba, ai ya ga tutsun da ya fi wannan. Amma ni na ji kamar ƙuguna ne ake girgizawa. Doki ya jiƙe sharkaf, idanunsa sun firfito.

Maigida ya ce, "Sauka, Lubin, kafin ka haukata mini doki."

"Ranka ya daɗe, ni fa ban ce masa komai ba."

"Bakinka bai ce ba. Gwiwarka ta ce ya yi hagu, diddigenka ya ce ya tashi sama, hannunka ya ce ya tsaya, duk a numfashi ɗaya. Shi kuwa mai biyayya ne, ya yi ƙoƙari ya yi maka duka." Ya shafa wuyan dokin, ya ƙara da cewa, "Sannan ya gane ka. Dubi kunnuwansa. Kai ne mutumin da ya fara haye masa baya, ranar da ya fi kowace rana jin tsoro. Doki ba ya mantuwa."

Lubin ya tsaya riƙe da hula yana kallon ƙasa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Matsewar nan ita ta tsare masa rai duk shekarun nan, ita ce kuma yanzu za ta raba shi da gidan. Kuma babu wani dokin da za a canza masa, don duk na bargar sun san shi da irin wannan sanin.

Maigida ya ce babu wata hanya sai ya faro daga inda kowa ke farowa. Washegari da safe aka ga Lubin, da furfurarsa da ɗingishinsa, a layi ɗaya da sababbin ɗalibai, yara masu kwalar leshi da gashin tsuntsu a hula. An cire masa likkafa, an cire ƙaimi, linzami ma ba a ba shi ba. Aka ɗora shi kan wani tsohon doki mai sanyin hali, aka riƙe igiya ana zagayawa da shi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da tsumagiya a tsaye kamar kyandir. Yaran suka samu abin nema.

Wani ya ce, "Baba Lubin, a zo a riƙe maka hannu?"

"Riƙe wandonka dai, ɗan maigidana. Jiya na ga inda ka zauna, har yanzu akwai shaidarka a cikin yashi."

Aka kwashe da dariya, har da shi yaron. Ba a daɗe ba suka daina tsokanarsa, don sun ga tsoho yana riga su zuwa, kuma in an gyara masa kuskure ba ya kumbura fuska kamar su.

Abin da Maigida ke faɗa masa kullum bai wuce uku ba: saki cinya, sauke kafaɗa, yi numfashi. Faɗa da sauƙi. Da doki ya ɗan yi tuntuɓe, ko tantabara ta tashi daga rufi, ƙafafun Lubin sun rufe kamar tarko tun kafin shi kansa ya sani. Kuma Maigida yana da dokarsa da dawaki, wadda duk gidan ya haddace: in doki ya yi maka abin da ka daɗe kana nema, ko taku biyu ne, to kada ka ce ya ƙara. Ka sauka nan take, ka shafa shi, ka mai da shi barga, don ya kwana da sanin cewa abin da ya yi shi ake so. Wata rana Lubin ya yi zagaye guda cur ƙafafunsa a sake, sai ya ji an ce, "Madalla. Sauka ka tafi gida." Ko ɗumi sirdin bai yi ba.

Ya zo wurina da yamma a shafa masa mai a ƙugu, yana huci.

"Ka ga abin da mutumin nan ya yi mini? Dukushi ya mai da ni. Saura ya ba ni ciyawa a tafin hannu."

"Da ya ba ka ai da ka ci."

"Da na ci mana, don yunwa nake ji." Na ci gaba da murza wurin. Can ya ce, "Gervais, ba na jin zan iya. Tun ina saurayi nake koya wa ƙafafun nan cewa in suka saki na mutu. Yanzu in ce musu ƙarya na yi? Ba sa jin maganata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Jacquine ce ta amsa masa, don ta biyo shi da tukunyar miyar kabeji, ta tsaya a bakin ƙofa.

"In ka gaji ka faɗa, Lubin, mu ɗaure kayanmu. Agwagi ba sa harbi. Ni da na yi rabin rayuwata ina jiran a kawo mini kai a kan ƙyaure, ka ɗauka zan ƙi hutu?" Ta dire tukunyar. "Amma na san ka. Ka je can ka yi shiru, ka bushe kamar kifin da aka rataye. Gara in ji kana mita a nan. Tashi ka ci abinci, gobe ka koma wurin yaranka."

Ya koma. Ya kuma ƙara da wani abu da ba a sa shi ba. Ya roƙi ɗan bargar da ke kula da Alƙali ya bar masa aikin. Shi ke share masa wuri, shi ke taje masa geza, shi ke yanko masa ɗanyar ciyawa daga bakin kogi da wannan ƙafar tasa. Da farko in ya shigo doki sai ya juya masa baya. Lubin sai ya zauna a kan bokiti yana gyaran ragama har dokin ya gaji ya waiwayo. Da aka mai da shi kan Alƙali, sun yi kwanaki babu abin da suke yi sai tsayuwa, mutum a sama doki a ƙasa, kowa yana sauraren kowa. Daga baya suka fara tafiya, sannan sassarfa, sannan tafiyar karkace, wannan karon da niyya. Kafin ganyen inabi ya zube, Lubin yana zama a sirdi kamar an haife shi a gidan sarauta, in ka ɗauke fuskar.

Abu ɗaya ne ya ƙi. A tsakiyar darasin akwai taƙama a wuri ɗaya, inda doki zai riƙa ɗaga ƙafafu bibbiyu kamar yana sassarfa, alhali bai gusa daga inda yake ba. Ba a samunta da ƙarfi. Mahayi zai nema ne da ɗan abin da ido ba ya gani, sannan ya saki, ya bar doki ya ɗauka da kansa. Ga Maigida, Alƙali yana yin ta kamar ana masa kiɗa. Ga Lubin kuwa sai ya kwantar da kunne, ya yi ta tattaka yashi kamar mai kashe kiyashi. A wurin nan ne doki ke tattara duk ƙarfinsa a ƙarƙashin mutum, kuma duk wanda ya yi aikin Lubin ya san abin da ke biyo bayan doki ya dunƙule haka. Sai cinyoyin su rufe, doki ya tuna da wanda ke kansa, komai ya lalace. Har jajibirin biki ba su samu ba ko sau ɗaya.

Ranar Waliyyi Éloi, waliyyin maƙera da masu dawaki, aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Aka kai dawaki ƙofar coci limamin cocin ya yayyafa musu ruwa, maƙera suka raba burodi, sannan aka ɗunguma zuwa zauren horo. Iyayen yara da manyan gari suka hau benen kallo da manyan rigunansu, mu kuma muka cunkushe a bakin ƙofa, ni da Jacquine da 'yan barga. Maigida ya tsaya kusa da turaku. Lubin ya shigo a kan Alƙali cikin rigar aro wadda ta matse shi a kafaɗa, ya cire hula ya gaida bene.

Tafiya ta yi kyau. Sassarfa ta yi kyau. Tafiyar karkace, hagu da dama, babu abin cewa. Jacquine ta damƙe mini hannu har na fara tunanin wa zai ɗora ni. Sai suka zo tsakiyar zaure, gaban bene, suka tsaya. Na ga doki ya dunƙule, na ga kunnuwansa sun fara komawa baya. Ni ba dokin nake kallo ba, cinyar Lubin nake kallo, don na san ta. Na ga ta ɗaure. Sannan na ga ƙirjinsa ya sauka, ya fitar da numfashi har tururi ya fito, cinyar ta saki, ƙafar ta rataya kamar igiya. Daga baya wasu suka ce wai sanyi ne ya riƙe masa ƙugu ya rasa ƙarfin matsewa. Ƙarya ne. Ni na ɗora ƙugun, na san akwai sauran ƙarfi a wurin. Da kansa ya saki, a daidai inda duk jikinsa ke ce masa zai mutu.

Kunnen Alƙali ɗaya ya juyo, sannan ɗayan. Ya ɗaga ƙafa, ya ajiye, ya ɗaga, ya ajiye, sai ga shi ya kama, a hankali, sama-sama, wuyansa a lanƙwashe, linzami yana lilo babu mai jan sa. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai saukar kofato a yashi. Ni ban san komai game da hawa ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Bai fi a ce taku goma ba, sai Lubin ya tsayar da shi. Muna jiran ya wuce zuwa ɗaga gaba da sukuwar zagaye, don rabin darasin ke nan ya rage. Sai muka ga ya zare ƙafa daga likkafa, ya zamo ƙasa a hankali saboda ƙugun, ya sassauta majayin sirdi, ya rungume wuyan doki yana shafa shi.

Bene ya ɗauki guna-guni. Wani mai ƙaton tumbi ya ce, "Shi ke nan? Abin da muka bar abinci muka zo gani ke nan?"

Maigida ya ce, "Lubin, ba ka gama ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma shi ya gama. Tun yana dukushi duk abin da na samu a wurinsa ƙwata na yi. Yau ne kaɗai ya ba ni da kansa. Ba zan ce ya ƙara ba."

Maigida ya daɗe yana kallonsa, ba ka iya karanta komai a fuskarsa. Sannan ya ce, "Kai shi barga." Ya juya ya sa aka shigo da ɗalibai su yi nasu.

Jacquine ta saki hannuna, ta share ido da gefen zanenta, ta ce bari ta je ta fara haɗa tukwane. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na bi shi barga na same shi yana goge wa doki zufa da ciyawa, na buɗe masa wuta. Na ce wawa ne, na ce ya yi wata da watanni yana wahala ya zo bakin gaɓa ya kifar da kwalekwalen da hannunsa, na ce in ya je ƙauye agwagin ma sai sun raina shi. Shi kuwa ya ci gaba da gugarsa. Ina cikin faɗa na ji an yi gyaran murya a bayana.

Maigida ne, ya baro baƙinsa, riƙe da tsumagiyar malamai. Ya miƙa wa Lubin.

"Gobe da safe sababbin yara naka ne. Hawa zan iya koya wa kowa, amma sanin lokacin sauka na daɗe ina neman wanda zai taya ni koyar da shi." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Sauran rabin kuma ina bin ka. Kafin Ista za ka yi mini shi, ni kaɗai, babu bene."

"To, ranka ya daɗe."

Ya yi shi kuwa kafin Ista. Suka koma ɗakin bakin ƙofa, ya yi shekaru yana koyar da yara, kuma waɗanda suka bi ta hannunsa ana gane su har a Paris, don ba sa jan baki kuma ba sa gajiyar da doki. A gadonsa ya rasu, Jacquine tana gefensa. Amma in na tuna shi, ranar nan nake tunawa, bayan Maigida ya fita. Ƙugun ya riƙe gaba ɗaya, ya kasa taka ƙafar, sai da na sa kafaɗata a hammatarsa. Muna tafe a hankali tsakanin dawakin nan, kowanne yana leƙo kai, ya tsaya yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Na ga hawaye yana bin gemunsa, shi da na ɗora sau ba adadi ban taɓa ganin ya yi kuka ba.

Na ce, "Ciwon ne?"

Ya girgiza kai. "Gervais, ka san yadda abin yake? Kamar ruwa ya ɗauke ka, amma ruwan yana jin maganarka." Ya share fuska da hannun rigar aron. "Shekara talatin ina miƙa musu dawakin nan, ban taɓa sanin abin da nake ba su ba sai yau."